Ra'ayi: Motar da mai facin Tsamaye ba zai iya kwance tayarta ba

A Sallar da ta wuce na je gida Tsamaye, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato. Muna zaune a ƙofar gida bayan La'asar sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa yana rawar jiki.

"Kawu, dubi wagga mota! Noti guda ne tak ga kowace taya, irin na motocin tsere."

Bidiyon wata Porsche 911 GT3 ne, ana zagaya ta da kyamara. Ba ƙarya, motar ta haɗu. Inda muka saba ganin notuna huɗu ko biyar a jikin wili, ita wani ƙaton noti ne guda ɗaya zaune a tsakiya, faɗinsa ya kusa tafin hannu.

Na tambaye shi, "To in ƙusa ta soke ta tsakanin nan da Sabon Birni, wa zai kwance tayar?"

Ya kwashe da dariya. "Haba Kawu! Wa zai kawo wagga mota Tsamaye?"

Ya yi gaskiya. Ban taɓa ganin irinta a ƙasar Gobir ba, ba na kuma sa ran gani. Amma tambayar ta ƙi barina, domin ta wuce zancen motar attajirai. A ƙasa irin tamu, ana sanin darajar mota ne ranar da ta tsaya a daji: wa zai iya tayar da ita, da wane kayan aiki, cikin minti nawa? Wili mai noti ɗaya ya faɗi wannan jarrabawa. Abin da ya fi damuna kuwa, tunanin da ke bayansa ya fara shigowa cikin motocin da mu talakawa muke hawa.

Asalinsa maganin faci ne

Abin mamaki, matsalar faci ce ta haifi wannan wili da Turawa ke kira santa-lok. A farkon ƙarni na 20 hanyoyin Turai cike suke da ƙusoshin da ke faɗowa daga takalman dawaki, tayoyin lokacin kuma ba su da ƙwari. In taya ta sace, direba zai durƙusa ya yi fama da ita tana manne a jikin motar.

Wajen 1908 kamfanin Rudge-Whitworth na birnin Coventry a Ingila ya fito da wilin da ake cirewa ɗungurungum, noti ɗaya ke riƙe da shi. Daga baya aka yi wa notin kunnuwa, ta yadda direba zai ɗauko guduma mai kan darma ko jan ƙarfe ya buga ya kwance, ya sa safaya ya kama hanya.

Haka motoci irin su Ferrari da Jaguar da MG suka yi ta zuwa har cikin shekarun 1960. A 1968 dokar kiyaye haɗurra ta Amurka ta hana sa noti mai kunnuwa a sababbin motoci, saboda yana iya fizgar mai tafiya a ƙasa ko mai keke. Tun kafin nan motocin gama-gari sun daɗe da komawa notuna da yawa, don sun fi araha kuma ba su da wuyar kulawa.

Inda noti ɗaya ya ci gaba da cin kasuwarsa shi ne filin tsere.

Daƙiƙa biyu, mutum ashirin

A gasar Formula 1 ana canza wa mota tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A tseren Qatar na 2023 ma'aikatan McLaren sun yi wa motar Lando Norris wannan aiki cikin daƙiƙa 1.80. Hatta gasar NASCAR ta Amurka, wadda ta shafe shekaru aru-aru da notuna biyar, ta koma noti ɗaya a 2022.

Sai dai mai kallo a waya bai cika lura da abin da ke kewaye da motar ba. Mutum uku ne a kan kowace taya: ɗaya riƙe da bindigar iska mai kwance noti, ɗaya ya zare tsohuwar taya, ɗaya ya zura sabuwa. Ga masu jak gaba da baya, ga masu tallabe motar kada ta girgiza. Kusan mutum ashirin ke jiran mota ɗaya, a kan shimfiɗaɗɗen siminti, da sababbin tayoyi a hannu. In ka cire waɗannan mutane, saurin ya tafi tare da su.

Duk da wannan shiri, abin kan ƙi. A tseren Monaco na 2021 direban Mercedes, Valtteri Bottas, yana matsayi na biyu ya tsaya canza taya. Bindigar ta gwaguye haƙoran notin tayar gaba ta dama, notin ya ƙi fita. Nan tserensa ya ƙare. Ba a raba tayar da motar ba sai da aka mayar da ita masana'antar kamfanin a Ingila, bayan kusan kwana biyu.

A yi tunani: ƙwararrun injiniyoyi na duniya, da kayan aiki na miliyoyi, noti ɗaya ya zaunar da su. Ina ga mai faci da ke ƙarƙashin itacen dogon yaro a bakin tashar Isa?

Abin da ake buƙata kafin a kwance shi

Kamfanonin motocin alfarma sun dawo da wannan wili kan titi saboda yana ba mota kamannin ta tsere. Porsche Carrera GT da ta fito a 2003 tana da shi. Notunanta na hagu ja ne, na dama shuɗi, saboda ba gefe ɗaya ake murɗa su ba. Wanda bai sani ba zai yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Daga 2009 aka sa shi a 911 GT3, ana kuma ganinsa a motoci irin su Lamborghini Aventador SVJ.

Ga inda gizo ke saƙar. Notin ƙaramar mota irin Corolla ko Golf ana ɗaure shi da ƙarfin murɗa na Nm 100 zuwa 140, abin da kowane baligi zai iya da wil-sifana. Notin GT3 kuwa Nm 600 ake ɗaure shi. Don a gane, kamar a rataya nauyin kilo 60 ne a ƙarshen sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wato fiye da buhun siminti. Kwance shi bayan ya yi tafiya ya ɗau zafi ya fi haka wuya.

Saboda haka sai an sami kan sifana na musamman da ya dace da haƙoran notin, da doguwar sifana mai auna ƙarfi wadda tsawonta ya haura mita ɗaya. Sai an ɗaga tayar ta bar ƙasa, wani ya zauna a ciki ya taka birki. Akwai giris na musamman da ake shafawa a wuraren da aka ƙayyade. In an ɗaure, a ɗan sassauta, a sake ɗaurewa, sannan a tabbatar makullin da ke tsakiyar notin ya koma mazauninsa. In aka yi kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan, babu noti na biyu da zai riƙe tayar.

Ko da ka mallaki duk kayan nan, me za ka sa a madadin tayar da ka cire? Galibin irin waɗannan motoci ba su zuwa da safaya. Ba wurin ajiye ta, kuma tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba: a sabuwar GT3 wilin gaba inci 20 ne, na baya inci 21. Abin da ake ba ka shi ne kwalbar ruwan liƙe faci da ɗan famfon lantarki. Ruwan yana toshe ƙaramin hujin ƙusa a gadon taya. In rami ya yanke gefen taya, ba abin da zai tsinana. Tayoyin nan kuwa siraran gefe gare su, su ne rami ya fi yi wa illa.

Daga nan sai a kira janwe.

Hanyar da ba a son tsayawa

Kiran janwe magana ce mai sauƙi a Jamus. Bari mu kawo ta gida.

Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, zuwa Sabon Birni da Isa, ya san ba hanya ce da ake son tsayuwa a kanta ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, ta ce matafiya su riƙa bi ta Goronyo da Sabon Birni. A watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A Disamban shekarar aka tare motar fasinja a Gidan Bawa, mutum fiye da ashirin suka ƙone a ciki. A 2024 a kan hanyar Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ban kawo waɗannan don in ce taya ce silarsu ba. Na kawo su ne don mai karatu na Kano ko Abuja ya san irin hanyar da muke magana a kanta. A nan, bambancin tsayuwar minti goma da ta awa uku yana iya zama bambancin kwana a gida da kwana a daji.

Na taɓa ɗanɗana wannan. Wata rana muna cikin ƙaramar motar haya, mun wuce Goronyo rana ta fara yin sanyi, sai tayar baya ta fashe. Ba wanda ya ce uffan, kowa dai ya dubi daji hagu da dama. Direba ya buɗe but ya jawo safaya. Jak ya fara nutsewa cikin rairayi, wani dattijo ya kawo faffaɗan dutse aka sa a ƙarƙashi. Noti ɗaya ya ƙi kwantuwa, yaron mota ya zura bututun ƙarfe a wil-sifana ya hau kai da ƙafa har ya saki. Wajen ɗaurewa aka ga zaren notin ya lalace.

Direban ya dube mu ya ce, "Ku shiga, huɗun nan za su kai mu in sha Allahu. Sannu za mu tafi."

Haka aka yi. Ba mu cika minti goma sha biyar a wurin ba. A gari na gaba aka sami wani noti wurin mai faci. Ba na yaba tafiya da noti huɗu a inda ya kamata a ga biyar, gyara ne na fita daga daji kawai. Amma ya fitar da mu. Tsoffin direbobi ma sun san cewa in notunan taya guda suka zube, ana aro ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin uku a lallaɓa zuwa gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma noti ɗaya ba shi da ɗan'uwan da zai ara masa.

Hujjar masu kare shi

Adalci ne a ji ta bakin masu son wannan wili, don ba su rasa hujja ba.

Suna cewa mai irin wannan mota yana da wasu motocin, ba da ita yake zuwa ƙauye ba. Haka ne. To amma wannan amincewa ce cewa motar ta wani yanki ce ƙarami na Abuja ko Legas, kusa da garejin da ya san ta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, sai dai kada a kira ta motar tafiya.

Suna cewa tayoyin zamani marasa tif ba su cika sacewa lokaci guda ba, kuma ana iya toshe hujin ƙusa ba tare da an cire wili ba. Wannan ma gaskiya ne, masu facinmu suna yi kullum. Amma a hanyoyinmu rami da tsinin dutse da gefen kwalta da ya zaizaye ne ke kashe taya, su kuwa gefe suke yankewa.

Suna cewa akwai tayoyin da ke tafiya ko babu iska. Akwai su, amma iyakarsu kusan kilomita 80 ne, a gudun da bai wuce kilomita 80 cikin awa ba. Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ya haura kilomita 100, kuma ko ka isa, sai ka jira a aiko da irinta daga wani gari.

Suna cewa ɓarawo ba zai iya sace tayar ba. Na yarda. Mai motar ma ba zai iya cire ta ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga cikin tseren kanta ta fito. A gasar tseren daji ta duniya, wadda zagayen Safari na Kenya ya koma cikinta a 2021, direba da mataimakinsa ne kaɗai a hanya, ba ma'aikata ashirin. Motocinsu notuna da yawa gare su, suna ɗauke da safaya da jak, kuma su biyun kan canza taya cikin kusan minti biyu. Wato su kansu masu tseren, in hanya ta yi kama da tamu, irin wilinmu suke zaɓa.

Babur ma noti ɗaya gare shi

Ɗan ƙanwata yaro ne mai kaifin kai. Da na yi masa wannan bayani sai ya nuna Boxer ɗinsa ya ce, "Kawu, ai babur ma noti guda ke riƙe da tayarshi."

Ya kama ni, ya kuma taimake ni. Gaskiya ne sanda ɗaya da noti ɗaya ke riƙe da tayar babur. Amma sifanar da ke kwance shi tana wurin kowane mai faci daga Tsamaye har Tibiri, kuma kowane ɗan kabu-kabu ya iya. Sau da yawa ma ba a cire tayar, tif ake zarowa a liƙe a mayar. Ashe yawan noti ba shi ne asalin maganar ba. Maganar ita ce, kayan aikin da ilimin gyaran suna hannun kowa, ko suna kulle a gareji ɗaya a babban birni?

Wannan ne sirrin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970, shi ne kuma sirrin Hilux da Hiace masu notuna shida a yau. An fi su kyau, an fi su gudu, amma duk inda suka tsaya akwai wanda ya san su.

Inda abin ya shafe mu

Na ce tunanin ya fara shigowa motocinmu. Sababbin motoci da yawa a Turai da Amurka, har da na iyali da masu aiki da lantarki, yanzu ba su zuwa da safaya. An cire ta don rage nauyi da kuɗi, an sa kwalbar ruwan liƙe faci a gurbinta, bisa zaton cewa akwai waya, akwai janwe, akwai tsaro. Waɗannan motoci su ne 'yan Kwatanon da za a kawo mana gobe. Wasu sun riga sun iso. Mutum zai biya miliyoyi, sai ranar da taya ta fashe ya ɗaga shimfiɗar but ya tarar da soso da kwalbar da ta daɗe da lalacewa.

Akwai kuma notin hana sata, wanda ake sa ɗaya a kowace taya, ba ya kwantuwa sai da makullinsa. Motoci da yawa na shigowa makullin ya ɓace tun a can. Wannan santa-lok ne na talaka: noti ɗaya da zai hana ka tafiya.

Haka samarin da ke canza wa motocinsu manyan wili masu siraran tayoyi don ado, alhali safayar da ke but da notunanta na tsohon wili ne. Kwalliya ce da ba ta biyan kuɗin sabulu.

Ina kira ga hukumomi da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji da ke sayo motocin asibiti da na jami'an tsaro don gabashin Sakkwato: kafin a duba launi da na'urar sanyi, a tambaya ko akwai cikakkiyar safaya, ko ana samun girman tayar a Sakkwato, ko makanikin Isa zai iya kwance ta. Motar ɗaukar mai naƙuda da ke jiran taya daga Legas ba ta da maraba da wadda ba a saya ba.

Namu laifin

Kada mu ɗora wa Turawa komai. Motocin haya nawa ne ke tashi daga tashoshinmu da safayar da ba iska, ko wadda ta suɗe har waya ta fito? Nawa ne ke tafiya ba jak, da niyyar za a ara a hanya? Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana cin tarar wanda ba shi da safaya, amma sau da yawa ganin taya a but kawai ake yi, ba a taɓa ta.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, kuma tsadarsu ta tura mutane ga tsofaffin tayoyi, duk da cewa dokar kwastam ta hana shigo da su. Ko da haka, akwai abin da mai saye zai iya yi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kama hanyar Sabon Birni, auna iskar safaya. Gwada jak ka ga yana ɗagawa. Gwada wil-sifana a kan kowane noti tun a gida, domin masu faci da ke ɗaurewa da injin iska kan matse noti fiye da kima. Ajiye ɗan katako mai faɗi saboda rairayi, da bututun ƙarfe, da tocila. Fasinja ma yana da haƙƙin ya ce wa direba, "Malam, mu ga safayarka," tun mota tana tasha. Ba raini ba ne, ran kowa ne a ciki.

Ban hana ɗan ƙanwata sha'awar Porsche ba, ni ma na sake kallon bidiyon sau biyu. Na dai ce masa in Allah Ya hore masa sayen mota, ya fara buɗe but kafin ya buɗe gaba. Washegari da zan koma Sakkwato shi ya raka ni tasha a kan babur. Kafin in shiga mota na hango shi a bayanta, yana danna safayar direba da babban yatsa.